Ina Aka Kafa Bakin Na'urar?

 

Yau zancen ƙura za mu yi. Na san wani zai ce, mutumin Zamfara ne za a koya wa ƙura? Mu da hunturu ke turniƙewa duk shekara, hazo ya taso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya rufe mana rana, mu da ke casar shinkafa a fadamar Bakolori, mu da ke dawowa daga kasuwar Mafara ranar Talata gashin ido ya yi fari fat? Gaskiya ne, wannan ƙurar mun san ta. Amma akwai wadda ido ba ya gani, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan a duniya: ƙera na'urar da za ta shaƙi iska, ta ƙirga wannan ƙura ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi gaskiyar abin da ta gani. Su nake so mu leƙa wurin aikinsu, domin matsalar da ke hana su barci ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Mu fara da ledar ƙarin ruwa da ake rataya wa mara lafiya, ko ƙaramar kwalbar allurar da ma'aikaciyar jinya ke zuƙewa da sirinji. Abin da mutum ya haɗiya ta baki, ciki na da masu gadinsa. Abin da aka tura ta jijiya kuwa kai tsaye yake shiga jini, babu mai tare shi a hanya. Shi ya sa ɗakin da ake ɗura irin wannan magani yake cikin wurare mafi tsabta da ɗan Adam ya taɓa ginawa.

Ga ma'aunin. Ana auna ƙwayar ƙura da abin da ake kira maikiron, wato a raba milimita ɗaya gida dubu. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Ido kan daina gani daga wajen maikiron 40 zuwa ƙasa. To masu wannan aiki ƙurar rabin maikiron suke ƙirgawa. A iska lita 1,000, wato cikin jarka 40 mai lita 25, ɗakin zama na yau da kullum zai iya ɗaukar irin wannan ƙura wajen miliyan 35. A daidai inda kwalbar allura take a buɗe ana ɗura mata magani, ƙa'idar duniya mai lamba ISO 14644 da dokar haɗa magunguna ta Tarayyar Turai ba su yarda ta wuce 3,520 ba. Daga miliyan 35 zuwa 3,520. Ƙwayar cuta mai rai kuwa, ko guda ɗaya ba a yarda a samu ba.

Yaya ake kai wa ga haka? Ana tura iska ta cikin matata ta musamman da ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta fi wuyar kamawa, sannan iskar ta sauko daga rufi zuwa ƙasa a miƙe, ba gardama ba juyi, da gudun kusan rabin mita a daƙiƙa. Duk abin da ya tashi, ta share shi ta yi ƙasa da shi. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Willis Whitfield na cibiyar bincike ta Sandia a jihar New Mexico, shi ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1960. An ruwaito cewa da aka gwada ɗakinsa na farko, na'urorin ƙirga ƙura suka sauka kusan sifili, har masu gwajin suka ɗauka na'urorin ne suka lalace. Ni a ganina wannan zargi da suka yi shi ne daidai. Duk na'urar da ta ce maka babu komai, kafin ka yi murna ka fara tambayarta yadda aka yi ta sani.

Bayan an gama da iska, sai aka tarar babban mai ƙazanta ɗakin shi ne mutum. Ko ya yi wanka, ko ya sa rigar da ta rufe shi daga kai har ƙafa, fatarsa na zubar da ɓurɓushi, numfashinsa na fitar da danshi, motsinsa na tayar da ƙura, kuma a kan wannan ɓurɓushin fata ƙwayoyin cuta ke hawa. Sai masana'antu suka fitar da mutum gaba ɗaya. Yau a manyan kamfanonin magani, ɗurin allura a cikin wani akwatin gilashi da ƙarfe ake yinsa, a rufe ruf, hannun mutum-mutumi ne ke ɗaukar kwalba, ya cika, ya toshe. Ma'aikaci na waje yana kallo. Idan dole ta sa zai taɓa wani abu, sai ta dogayen safofin hannu da aka manne a jikin gilashin, wasu sababbin akwatunan ma ko safar babu.

To a nan gizo ke saƙar. Tunda babu mutum a ciki, wa zai shaida cewa iskar tana da tsabta a lokacin da kwalba ta dubu goma sha biyu ke wucewa da baki buɗe? Na'ura ce kaɗai shaida. Dokar Turai da aka sabunta a 2022, ta fara aiki a watan Agusta na 2023, ta ce wannan shaida ba ta tashi daga wurin tun daga haɗa kayan aiki har a gama ɗuri.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Famfo na zuƙo iska, galibi lita 28.3 a minti ɗaya, ya bi da ita ta gaban wani siririn hasken leza. Duk ƙwayar da ta gifta sai ta warwatsa hasken, wani ido na lantarki ya ga walƙiyar, ya ƙirga ɗaya, ƙarfin walƙiyar kuma ya nuna girmanta. Da wannan gudu, sai ta yi minti 35 kafin ta shaƙi lita 1,000. Wannan ɓangaren an daɗe da ƙwarewa a kansa. Wahalar tana wajen kawo iskar daga bakin kwalba zuwa gaban hasken ba tare da an canja abin da ke cikinta ba.

Matan da ke saurarenmu sun riga injiniyoyi sanin dalili. Idan ana shiƙar gero, mace ta ɗaga ƙwarya ta tsiyayo, tsaba mai nauyi takan faɗo a miƙe, ƙaiƙayi kuma ya bi iska duk inda ta karkata. Haka ƙura take. Ƙanana na bin iska ko ina ta juya, manya kuwa nauyinsu kan sa su zarce. Yanzu ku duba abin da zai faru idan bakin na'ura ya fi iskar ɗakin gudu wajen zuƙa. Zai janyo iska daga gefe da gefe, ƙanana su biyo ta su shiga, manya su zarce ƙasa abinsu ba a ƙirga su ba. Idan kuma zuƙar ta yi rauni, iska za ta kauce wa bakin, manya su afka ciki fiye da rabonsu, na'ura ta yi kururuwar banza a dakatar da aiki. Saboda haka ake ƙera bakin kamar ɗan mazurari, a lissafa faɗinsa yadda gudun shigar iska zai yi daidai da gudun saukowarta, faɗin da bai wuce santimita 3 da rabi da ɗan kai ba ga na'ura mai lita 28.3, a kuma kafa shi yana kallon sama, inda iskar ke fitowa.

Manyan nan, masu maikiron 5 zuwa sama, su ne abin tsoro, domin su ne suka fi ɗauko ƙwayar cuta. Kuma su ne suka fi saurin ɓata a hanya. Daga mazurari zuwa na'ura akwai tiyo. Idan tiyon ya yi tsawo, manya sukan kwanta a cikinsa. Idan ya yi lanƙwasa, iska ta sha kwana, su kuma su bugi bango su manne. Sai allon kwamfuta ya nuna sifili, kowa ya yi hamdala, alhali shaidar tana kwance a cikin tiyo. Shi ya sa mai ƙira ke faɗa da kowane santimita: ya cusa na'urar a ƙarƙashin teburin ɗuri daidai saitin mazurarin, tiyo gajere, a miƙe gwargwadon iko.

Sai wurin kafawa, wanda shi ne ya fi haddasa gardama tsakanin injiniya da mai kula da inganci. Jagorar hukumar magunguna ta Amurka ta 2004 ta ce kada bakin ya yi nisan da ya wuce ƙafa ɗaya, wajen santimita 30, daga inda ake aikin. Amma inda ake aikin nan ne hannun mutum-mutumi ke kai da kawowa. Ka matso da mazurarin, hannu ya buge shi, ko shi kansa ya tare iska ya haifar da ɗan guguwa a kan kwalba. Ka ja shi can lungu inda ba ya damun kowa, zai ba ka lambobi masu daɗin gani na iskar da babu wanda ya damu da ita. Kafin a yanke shawara sai an saki farin hayaƙi a cikin akwatin, a ɗauki bidiyo, a ga yadda iska ke bi ta kan kwalabe yayin da hannun ke motsi, a kafa bakin inda haɗarin yake. Mutum-mutumin ma ba waliyyi ba ne. Gaɓoɓinsa na gogar juna, kwalba na gogar kwalba, duk suna fitar da tasu ƙurar.

Akwai kuma wanki. Kafin kowane zagaye, ana cika akwatin da tururin wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, hayidirojin farokzayid, wanda ke cin roba da kayan lantarki marasa juriya. Dole mazurarin ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, sumul, babu tsaga ko lungun da ƙwaya za ta ɓuya, na'urar kuma ko dai ta jure tururin ko a yi mata makullin da zai tare shi. Iskar da ta gama ƙirgawa ba a mayar da ita ciki, waje ake fitar da ita.

Duk da haka hasken leza bai san mai rai da matacce ba, ƙirga kawai ya iya. Don gano mai rai sai an koma ga faranti mai ɗauke da wani abu mai kama da daskararren kunu, abincin ƙwayoyin cuta. Wani a ajiye shi a buɗe har awa 4 abin da zai faɗo ya faɗo. Wani kuma a zuƙo iska ta murfi mai ɗaruruwan ƙananan huduji, ta bugi fuskar farantin, iska ta kauce, ƙwaya ta manne. Wani Ba'amurke mai suna Ariel Andersen ya fito da irin wannan mai hawa shida a 1958, kowane hawa da huji 400, hudujin na ƙara ƙanƙancewa zuwa ƙasa, yadda kowane faranti zai kama girman da ke tsayawa a wani sashe na hanyar numfashi, daga hanci har can cikin huhu. A nan ma sai an yi awo: bugu ya yi ƙarfi, ƙwayar ta mutu ba za ta tsiro a gan ta ba, ya yi rauni, ta wuce, iska ta daɗe tana bugawa, farantin ya bushe. Ga kuma tambayar wa zai canja faranti a akwatin da babu hannun mutum. Sai an sake fasalin murfin yadda yatsun ƙarfe za su iya buɗewa su rufe. Bayan nan a kai farantin ɗakin ɗumi a jira kwanaki kafin a ga ko wani abu ya tsiro.

Kada wani ya ce wannan ƙaƙale ne na Turawa. A 2012, wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ta Amurka, New England Compounding Center, ya rarraba allurar ciwon baya da funfuna ta gurɓata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, da 64 da suka mutu, akasari da sanƙarau na funfuna. Da masu bincike suka shiga, sai suka tarar awon da kamfanin ke yi da kansa ya sha nuna funfuna da ƙwayoyin cuta a ɗakunan a watannin da suka gabata, ba a ɗauki mataki ba. Suka kuma tarar ana kashe na'urar sanyaya ɗakin da dare. A can awo ya faɗi gaskiya, masu karantawa ne suka kau da kai. Batun kashe na'ura da dare kuwa, duk wanda ya san yadda ake lallaɓa man janareta a ƙasar nan ya san ba labarin nesa ba ne.

Yanzu mu dawo gida, domin babu jihar da ta biya kuɗin rashin auna ƙura kamar tamu.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sintirin sanƙarau suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, da jijjiga da suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu aiki. Gubar dalma ce. Dutsen zinarin da ake haƙowa yana da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gari, a daka a turmi, a niƙa a busasshe da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta tashi, a shaƙa, ta sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Abin ya shafi ƙauyukan 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin 400 ne. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da aka zo da ita iyakar lambar da take nunawa 65 ce, jinin yara da yawa kuwa ya zarce abin da take iya karantawa, sai da aka riƙa tsarma jinin kafin a san ainihin lambar. An kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega sai a 2013 aka kai gare ta, an yi wa dubban yara magani, MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022.

A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A can ne, a yankin Shikira, aka yi wani aiki da ya kamata kowane mai injin niƙan dutse ya ji labarinsa. Masu bincike na ƙungiyar OK International tare da MSF suka ɗaura wa masu haƙa da masu niƙa na'urar shaƙar iska a jikinsu. Ga yadda irinta take: ɗan famfo mai batir a ƙugu, siririn tiyo ya bi ta kafaɗa, ƙarshensa wani ɗan gwangwani mai matata a maƙale a wuyan riga, kusa da hanci. Mutum ya yini yana aikinsa, ita kuma tana shaƙar abin da yake shaƙa, da yamma a cire matatar a kai ɗakin gwaji. Ba a rataye ta a bishiyar da ke gefe ba, ba a ɗora ta a kan motar masu bincike ba. Dokar da ta sa ake kafa mazurari kusa da bakin kwalba ita ce ta sa ake maƙala wannan kusa da hancin mai niƙa. Suka auna, sannan suka sa feshin ruwa mai laushi a wurin aikin, suka sake aunawa. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai cin huhu kuma da kashi 80. Ruwa ne kawai. Amma ba don awon ba, da zance ne irin na kowa, mai injin ya ce ruwa na ɓata masa aiki, a tashi a haka.

Ƙasar Maradun da ta Mafara ma ana haƙar zinari, kowa ya sani. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024, kuma tsakanin nan babu wanda zai rantse cewa injinan niƙa sun yi shiru. Matsalar tsaro ta sa ma'aikacin lafiya ba ya kai wa wurare da dama. Duk na yarda. Amma injin da ke bayan gari, da masu casar shinkafa, da masu fasa dutse, waɗannan ana kai musu.

Haka ɗakunan tiyatarmu. Na taɓa leƙa wani, ba zan faɗi gari ba, bayan an gama aiki an wanke ƙasa tas har tana ƙyalli, ƙamshin maganin wanki ko ina. Sai na ɗaga kai. Fankar sama ce ke juyawa, fukafukanta da jar ƙura ta kwanta, taga mai gilashin jere ɗaya ya fashe an toshe da kwali, na'urar sanyaya ɗaki kuma ragarta ta yi baƙi. Ma'aikatan ba malalata ba ne, sun tsabtace duk abin da aka koya musu dubawa. Babu wanda ya taɓa ba su abin da zai nuna musu iskar da ke sauka a kan cikin da aka buɗe. Ba na cewa a kawo mana akwatin mutum-mutumi Bakura, kuɗinsa ya fi ƙarfin kasafin asibiti dukansa. Amma farantin nan da ake ajiyewa a buɗe, duk ɗakin gwajin da ke iya shuka fitsari ko jini don gano ƙwayar cuta zai iya haɗa shi. A ajiye ɗaya kusa da gadon tiyata lokacin da ake aiki, ba bayan kowa ya fita ba, a rubuta abin da ya tsiro, a maimaita a damina, a maimaita a tsakiyar hunturu. Cikin shekara ɗaya shugaban asibiti zai samu takardar da zai ajiye a gaban kwamishina.

Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, muna da jami'ar jiha a garin, muna da kwalejin aikin gona a Bakura. Ɗalibin injiniyan lantarki da ke neman aikin kammala karatu zai iya haɗa famfo mai batir da ke zuƙar lita 2 a minti ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ko da matata ta fara toshewa, kuma duk wanda ya gwada zai gane cewa riƙe wannan daidaiton shi ne ainihin jarrabawar. Ƙananan na'urorin leza masu ƙirga ƙura yanzu sun yi arha, ana sayensu ta intanet, sai dai a sani cewa ba a ƙera su da hazonmu a rai ba: ƙura mai yawa kan dushe musu ido, su fara ba da lambar da ba ita ba, don haka sai ana gwada su da wadda aka tabbatar, ana share su. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa iyakar ƙura mai laushi, ta maikiron 2.5 zuwa ƙasa, a maikirogiram 15 cikin lita 1,000 na iska a matsakaicin yini guda. Ina so wata rana in karanta muku a wannan fili lambar Maradun ta watan Janairu, da ta bakin injin niƙa, da ta ajin 'yan firamare da ke kusa da shi, kowace da bayanin inda aka kafa bakin na'urar, da tsayinsa daga ƙasa, da awa nawa ta yi tana shaƙa. Wanda ya kawo lamba babu wannan bayani, zan mayar masa da takardarsa ya je ya cike.